WAWAN DANDALI A TURAI DA AMURKA: ME ZAI RAGE IDAN AN WANKE FENTI?

Gabatarwa

Akwai wani abu da muka daɗe muna lura da shi a rubuce-rubucen sababbin marubuta, musamman wasannin kwaikwayo. Marubuci zai ɓata makonni yana gina tauraron labarinsa, ya ba shi iyaye da sana'a da buri, amma da an zo kan mai ban dariya sai a jefo shi haka kawai, a sa masa hula a karkace da wando ɗangalalle, a ce ya yi in'ina ko ya faɗa kwata. An ɗauka ban dariya aiki ne da ba ya bukatar tunani. Wannan ne ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu leƙa wata sana'a wadda kacokan a kan ban dariya aka gina ta, wato sana'ar wawan dandali, kamar yadda ta bunƙasa a Turai da Amurka.

Idan muka ce wawan dandali, muna nufin ɗan wasan nan mai fentin fuska da jan hanci da manya-manyan takalma, wanda ake gani a sarkus. Shi kuwa sarkus wani babban wasa ne da ake yi cikin da'ira, inda ake haɗa sukuwar dawaki da tafiya a kan igiya da alkafura da makamantansu. Kalmar wawa a nan tana ɗauke da ma'anar da take da ita a wawan sarki, wato mutum mai cikakken hankali wanda ya mayar da wauta hanyar cin abinci. Ra'ayin da za mu kare a wannan nazari shi ne, fasahar ta yi ƙarfi a duk lokacin da aka sami mutum mai damuwa ta gaske a bayan fentin, ta kuma yi rauni a duk inda aka riƙe fentin aka saki mutumin.

Tushen Abin

Masana sukan faro tarihin daga Italiya a ƙarni na 16, inda aka sami ƙungiyoyin 'yan wasa masu yawo gari-gari suna wasan da ake kira komediya. Akwai takardar yarjejeniyar irin wannan ƙungiya da aka rubuta a birnin Padua a 1545. Ba su da rubutaccen wasa sai ƙashin bayan labari, amma kowane ɗan wasa yana da hali guda da yake riƙe da shi muddin ransa. Pantalone tsohon attajiri ne marowaci, shi kuwa Arlekino bara ne wanda kullum yunwa ke cin sa. Tun daga nan za mu ga dariyar tana fitowa ne daga zaman mutum biyu waɗanda ɗaya ke sama ɗaya ke ƙasa, kuma na ƙasan yana da wata bukata da ta hana shi sukuni.

Wanda ya ba wawa fuskar da aka san shi da ita shi ne Joseph Grimaldi, mutumin Landan, wanda aka haifa a 1778. Shi ya shahara da shafe fuska da farin fenti tare da ɗora ja a kumatu da leɓe, kuma wasansa na 1806 a gidan wasa na Covent Garden ya sa sunansa ya cika Ingila. Wawan Grimaldi ɓarawon abinci ne, mai haɗama, mai yi wa 'yan gadi da 'yan gayu ba'a. Tsalle da faɗuwar da yake yi kowane dare su suka lalata masa ƙafafu, har ya bar aiki a 1823 bai cika shekara 45 ba, ya mutu a 1837. Cales Dikens ne ya tsara tarihin rayuwarsa aka buga a 1838, kuma daga sunansa ne Ingilishi suka sami laƙabin Joey da suke yi wa wawaye.

Sarkus ɗin kansa ya samo asali ne daga wani tsohon sojan doki mai suna Philip Astley, wanda ya fara nuna gwanintar hawa cikin da'ira a Landan a 1768. Faɗin da'irar da aka daidaita a kai daga baya ƙafa 42 ne, kimanin mita 13. An shigo da wawa ne domin ya cike gurbi yayin da ake sauya dawaki, kuma wasan da aka fi so a farkon zamanin shi ne na wani tela da bai iya hawa ba, doki na ta wurgi da shi. Abin lura a nan shi ne, ba mai iya faɗowa daga doki sau goma ya tashi lafiya sai gwanin mahayi. Rashin iyawar da 'yan kallo ke gani iyawa ce aka ɓoye.

Turai: Ƙaramin Fage, Dogon Zance

Sarkus na Turai ya tsaya a kan da'ira ɗaya, sau da yawa cikin ginin da bai wuce mutum dubu biyu ko uku ba. Mai kallo yana jin muryar ɗan wasa, yana ganin motsin girarsa. A Faransa, dokar 1864 ta sake wa ƙananan gidajen wasa mara, ta ɗage takunkumin da ya hana su yin wasa mai zance, sai wawaye suka sami damar gina gajerun wasanni masu farko da tsakiya da ƙarshe. A wannan yanayi ne aka sami tagwayen da suka zama ginshiƙin sana'ar. Na farko shi ne Mai Farar Fuska, mai riga mai ƙyalƙyali da doguwar hula, mai ba da umarni, wanda ke ganin ya fi kowa sani. Na biyu shi ne Ogust, mai jan hanci da kwat da ta yi masa yawa, wanda ke son ya yi daidai amma kome ya taɓa sai ya ɓaci. Bara da ubangidan Italiya ne suka dawo cikin sababbin tufafi.

Sai dai wannan tsari yana da tambayar da bai kamata mai nazari ya tsallake ba: wa ake mari, kuma me ya sa ake dariya? Tagwayen da suka fi shahara a Faris daga wajen 1895 zuwa 1910 su ne Foottit da Chocolat. Foottit Bature ne ɗan Ingila, shi ne Mai Farar Fuska. Chocolat kuwa baƙar fata ne mai suna Rafael, haifaffen Kuba, wanda aka kawo Sifaniya yana yaro a matsayin bara. Kusan kowane wasa nasu yana ƙarewa ne da Bature ya shara wa baƙi mari. Ba mu musun cewa gwanaye ne, su ne ma suka daidaita yadda tagwayen za su riƙa jefa wa juna magana da motsi. Amma a ƙasar da ke mallakar ƙasashen baƙar fata a lokacin, wani kaso na dariyar ba fasaha ce ta jawo shi ba, jin daɗin ganin an tabbatar da abin da ke zukatan masu kallo ne. Rafael ya mutu cikin talauci a Bordeaux a 1917. Wannan darasi ne ga duk marubucin da ke sa a yi wa kurma ko baƙauye ko ɗan wata ƙabila dariya don kawai shi kurma ne ko baƙauye. Irin wannan dariya tana da araha, kuma ba ta jure zamani.

'Yan'uwan nan uku, Paul da François da Albert Fratellini, waɗanda suka yi tashe a sarkus na Medrano a Faris daga 1915, sun gyara tsarin ta hanyar ƙara mutum na uku. François ne Mai Farar Fuska, Albert ne mahaukacin Ogust, shi kuwa Paul yana tsakiya, mutum mai son a ɗauke shi babba alhali bai kai ba. Da aka zama uku sai marin ya daina tafiya hanya ɗaya, domin biyu na iya haɗe wa ɗaya kai, kuma kowa na iya zama wanda aka kayar.

A ganinmu, ƙololuwar al'adar Turai ita ce Grock, mutumin Suwizalan, wanda sunansa na yanka Adrien Wettach, ya rayu daga 1880 zuwa 1959. Wasa guda ya yi ta gogewa shekara da shekaru har ya kusan kai awa ɗaya. Labarin ba shi da yawa: mutum ne ya zo zai yi kiɗa. Zai shigo da ƙaton akwati, ya buɗe, ya fito da ɗan mitsitsin gogen Turawa. Zai zauna gaban fiyano ya tarar kujera ta yi nisa, sai ya tashi ya nannaɗe hannun riga ya shiga tura fiyanon zuwa wajen kujera. Zai wurga izgar gogen sama don ya cafe, ta kuɓuce. Sai ya shiga bayan wani shamaki ya yi ta gwaji, 'yan kallo na hango izgar tana tashi tana sauka lafiya lau, ya fito da alfahari ya sake gwadawa, ta sake kuɓucewa.

Mu dubi tura fiyanon nan da kyau. Ba hauka ba ne. Matsalar gaskiya ce, akwai tazara tsakanin mutum da abin kiɗansa, kuma maganin da ya kawo yana aiki, illa dai ya ɗauko shi ta wutsiya. Mai kallo yana dariya ne domin ya gane tunanin, ya kuma san shi ma ya taɓa tura fiyano a wata harka ta rayuwarsa. Daɗin daɗawa, Grock makaɗi ne na gaske mai sarrafa kayan kiɗa iri-iri, kuma idan a ƙarshe ya yi kiɗan, mai daɗi yake yi. Wannan ne ke sa a damu da shi, a so ya ci nasara. Ya yi wasansa na ban kwana a Hambug a 1954, yana da shekara 74.

Amurka: Babban Fage, Ba Zance

Sarkus ya isa Amurka a 1793, lokacin da John Bill Ricketts ya buɗe nasa a Filadelfiya, har shugaba Joj Washinton ya je kallo. Da farko wawan Amurka mai baki ne. Dan Rice, wanda ya rayu daga 1823 zuwa 1900, yakan tsaya tsakiyar da'ira ya yi waƙa, ya yi shaguɓe a kan siyasa, ya mayar wa 'yan kallo martani nan take. Amma ƙasar tana da faɗi, kuma masu sarkus 'yan kasuwa ne. Suka koma yin wasa cikin tanti, a 1872 sarkus na Barnum ya hau jirgin ƙasa, a 1881 kuma aka mayar da da'ira uku a jere ana wasa a cikinsu lokaci guda. Tantin ya girma har yana cin mutum fiye da 10,000. A irin wannan wuri, kuma a zamanin da babu lasifika, muryar mutum ɗaya ba ta zuwa ko'ina.

Girman fage shi ya sauya fasahar. Wawa ya yi shiru, fentinsa ya ƙaru domin na kujerar ƙarshe ya hango, baki ya kai kunne, takalma suka yi zira'i. Maimakon mutum biyu masu zance sai aka sami garken wawaye suna zagaya fili, kowa da abin mamakin da za a gane cikin daƙiƙa kaɗan: gida ya kama wuta 'yan kwana-kwana na watsa wa juna ruwa, ko 'yar ƙaramar mota ta tsaya mutane su yi ta fitowa daga cikinta. Lou Jacobs, haifaffen Jamus, ya yi suna da cusa dogon jikinsa cikin wata 'yar mota da ba ta fi akwati ba. Ba za mu raina wannan ba, domin ya koyar da yadda ake ba da labari da hoto guda. Amma haɗarinsa a fili yake. Idan kayan wasa ne ke ba da dariya, to kowa aka saka cikin rigar zai iya, kuma mutumin ya zama ba dole ba.

Abin sha'awa shi ne, a cikin wannan hayaniya ne Amurka ta haifi nata gwarzon, wato wawa gantalalle, mai yagaggun kaya da ƙasumbar da ba a aske ba. An ɗauko siffarsa daga marasa aikin yi da ke maƙale wa jiragen ƙasa suna yawon neman abinci bayan yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Emmett Kelly, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1979, shi ya kai wannan hali maƙura da sunan Weary Willie, kuma jama'a sun karɓe shi sosai bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, lokacin da miliyoyin Amurkawa suka rasa aiki. Kelly ba ya murmushi, ba ya gudu, ba ya magana. Wani zai ba shi ƙwayar gyaɗa ɗaya, ya yi ta fama ya kasa fasawa, sai ya ɗauko ƙatuwar guduma ya sauke mata, sannan ya durƙusa yana tone garin ko zai sami abin kaiwa baka. A wani wasan kuma yakan ɗauki tsintsiya ya shiga share hasken fitilar da aka haska a ƙasa, hasken na guje masa, yana bin sa yana tattarawa har ya zama ɗan ƙarami ya ɓace.

Kelly ya gane cewa a inda kowa ke tsalle, wanda ya tsaya cik shi ido ke kamawa. Kuma gyaɗar nan tasa 'yar'uwar fiyanon Grock ce: bukata ta gaske, da dabara mai ma'ana wadda ta wuce gona da iri. Ranar 6 ga Yuli, 1944, tantin sarkus na Ringling ya kama wuta a Hartford, mutum aƙalla 167 suka mutu. Akwai hoton Kelly a ranar, cikin kayan wasansa, yana ɗauke da bokitin ruwa.

Wanda ya haɗa al'adun biyu shi ne Cali Caflin, ɗan Landan da ya koyi sana'a a dandalin Ingila, ya ƙirƙiro nasa gantalallen a finafinan Amurka a 1914. Fim ɗinsa na 1928 mai suna The Circus tamkar sharhi ne a kan wannan batu namu. 'Yan sanda sun biyo gantalalle, ya faɗa cikin da'ira yana neman tsira, 'yan kallo suka yi ta dariya. Mai sarkus ya ɗauke shi aiki, amma da aka ce ya ba da dariya da gangan sai abin ya mutu murus. Ba ya ba da dariya sai lokacin da shi a ransa ba wasa yake yi ba.

Da Fenti Ya Rabu Da Mutum

Daga tsakiyar ƙarni na 20 sai fuskar wawa ta zama hajar sayarwa a Amurka. An ƙirƙiro Bozo a 1946 domin faifan yara, daga baya aka riƙa ba gidajen talabijin lasisi, ya zama a lokaci guda akwai Bozo a birane da dama, mutane daban-daban cikin fuska ɗaya. A 1963 kamfanin McDonald's ya fito da nasa wawan domin talla. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Fuskar Grock ta Grock ce, shi ya gina ta daidai da halinsa. A Ingila ma akwai al'adar zana fuskar kowane wawa a kan ƙwai a ajiye, domin kada wani ya kwaikwayi ta wani. Amma murmushin da aka zana wanda ba ya sauyawa ko mai shi na fushi ko yana kuka, wannan rufi ne, kuma ɗan'adam yana tsarguwa da fuskar da ba ya iya karantawa.

Marubuta ne suka fara cin moriyar wannan tsarguwa. Littafin Stephen King mai suna It, na 1986, ya mayar da wawa dodo mai farautar yara. A 2016 aka yi ta samun rahotannin mutane sanye da fuskar wawa suna tsorata jama'a a Amurka da Ingila. Sarkus na Ringling ya rufe a 2017, kodayake tsadar aiki da raguwar 'yan kallo bayan an daina wasa da giwaye ne suka jawo haka. Da aka sake buɗe shi a 2023, an zo da masu ban dariya, amma ba da fentin da aka saba ba.

Farfaɗowar fasahar ta zo ne ta hanyar komawa ga mutumin. Jacques Lecoq, wanda ya buɗe makarantar wasa a Faris a 1956, ya ba da labarin yadda ya sa ɗalibansa su fito ɗaya bayan ɗaya su ba da dariya. Kowa ya yi tsalle da gwalo, ba wanda ya dara. Sai da suka koma suka zauna a kunyace, jiki a sanyaye, sannan dariya ta ɓarke. Daga nan ya gina koyarwarsa a kan cewa kowa ya nemo wawan da ke cikinsa daga raunin kansa, da ɗan jan hanci kawai. Annie Fratellini, jikar Paul, ta buɗe makarantar sarkus a Faris a 1974. Wasu Amurkawa biyu da suka yi wasa a sarkus ɗinta, Paul Binder da Michael Christensen, suka koma gida suka kafa sarkus mai da'ira ɗaya a Niyok a 1977. A 1986 Christensen ya fara kai wawaye ɗakunan yara marasa lafiya a asibiti. A bakin gadon yaro ba a bukatar fentin da aka yi domin mai zama a kujera ta dubu goma.

Kammalawa

Ba mu ce Turai ta yi daidai Amurka ta yi kuskure ba. Turai ce ta yi shekara da shekaru tana tafa wa marin Chocolat, Amurka kuma ita ta ba duniya Kelly. Abin da tarihin ya nuna shi ne, a kowace nahiya waɗanda sunansu ya ɗore su ne waɗanda za a iya wanke musu fuska a tarar da wani a ciki: mayunwaci, ko makaɗin da ke son a saurare shi, ko mai sharar da ke son ya gama aikinsa.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa marubuta shawara, kafin a saki mai ban dariya a cikin labari, a tambayi kai: me yake so, kuma ya ƙwallafa rai a kansa kamar yadda tauraro ya ƙwallafa a kan nasa? Wa ke sama da shi? Wace dabara ya kawo, kuma tana da ma'ana a idonsa? Sannan a cire masa karkatacciyar hular da in'inar, a sake karanta shafin. Idan har yanzu akwai dariya, an gina mutum. Idan babu, to a koma kan teburi, domin hular ce ke ta aiki tun farko. Fili a buɗe yake ga duk mai ra'ayi saɓanin namu, sai mu ji daga gare shi a fitowa ta gaba.